Sikelin Kawu Ila

Ko na manta komai na shekarun karatuna, ba zan taɓa mantawa da ƙarfe bakwai da kwata na safiyar wata Laraba ba. A daidai lokacin ne na tsaya a ƙofar zauren Kawu Ila na buɗe baki na yi magana ba tare da kowa ya tambaye ni ba. Wanda ya san ni ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ni ce yarinyar nan da ke zama a layin gaba a aji, ta san amsa, ta rubuta ta a gefen littafi, sannan ta yi shiru ta bar wata ta ɗaga hannu. Rana ɗaya tak na yi ƙarfin hali, ga kuma abin da ya biyo baya.

Ina shekara ta biyu a makarantar koyon aikin lafiya aka rarraba mu ƙananan asibitoci don mu ga aiki da idonmu. Ni aka tura ni wani ƙauye tsakanin Kiru da Kafin Maiyaki. Zuwa da dawowa kullum daga gidanmu a Bebeji zai yi wuya, sai Ummana ta ce in zauna a gidan ƙanenta, Kawu Ila, wanda ke zaune a ƙauyen. Sana'arsa sayen waken suya da riɗi a hannun matan gari, ya tara, ya ɗaura a babur ya kai kasuwa. Mutum ne mai fara'a, kuma ba ya kiran sunana saboda sunan mahaifiyarsu aka sa min. "Uwata" yake ce min.

Shugabar asibitin Sista Maimuna ce, doguwar mace mai saurin tafiya da saurin magana. Kafin in zo an yi wa ƙananan yaran ƙauyen rajistar inshorar lafiya ta gwamnati, kowace uwa tana da katin ɗanta. Matsalar ita ce katin ba ya fitowa daga ƙasan akwati sai yaro ya kwana biyu yana zazzaɓi. Sista kuwa so take a riƙa kawo yara suna lafiya a duba su: a auna nauyi da tsawo, a duba ido da baki, a ɗiga musu bitamin, a ba su maganin tsutsar ciki, a ga wanda bai gama rigakafi ba. Duk wannan katin ne ke biya. Ta bi gidajen suna, ta bi Islamiyyar matan aure, kowa amsarta ɗaya: "Sista, yaro yana gudunsa yana cin tuwonsa, me za a duba?" Da ƙyar, da sa bakin mai unguwa, aka tsayar da wannan Larabar.

Ranar Talata ta tara mu ta raba aiki. Ta nuna ni da biro ta ce, "Ke mai shiru-shirun nan, na ga rubutunki a tsare yake. Awo naki ne." Sannan ta juyo gare mu duka. "Ku saurara da kyau. Matan nan idan suka koma gida da ɓacin rai, ba za mu sake ganin ƙeyarsu ba sai yaro ya galabaita. Rana ɗaya suka ba mu."

Awo nawa ne! Na fita daga ofishin nan kamar in tashi sama. Kai tsaye na wuce ɗakin ajiya in gaisa da sikelina. Irin na ratayawar nan ne, mai fuska kamar agogon bango, da ƙugiya a ƙasa inda ake maƙala wandon da ake zura yaro a ciki. Ina ganinsa na san akwai matsala. Fentinsa ya kankare, gilashin ya tsage, uwa uba allurarsa ba ta kan sifili. Littafina kuwa ya faɗa ɓaro-ɓaro, har na ja layi a ƙarƙashi da jan biro: kada a auna yaro sai allura tana kan sifili.

Abin da mai hankali zai yi shi ne ya koma ya ce, "Sista, zo ki ga sikelin nan." Na je har bakin ƙofarta. Na ji tana faɗa da wani a waya kan maganin da bai iso ba. Na tsaya, na gyara hijabi, na haɗa jimlar a raina, na sake haɗa ta, sai na juya. (Idan kana neman wadda za ta gwammace ta ɗauki dutse a ka da ta ce "don Allah matsa min", ga ni.) A hanyar gida ne dabara ta faɗo min. Kawu Ila yana da sikeli irin wannan sak, rataye a zaure, sabo fil, yana ƙyalli. Na shiga na duba shi. Allura tana kan sifili daram.

Shi ne washegari, ƙarfe bakwai da kwata, ya riga ya hau babur da buhunansa zai tafi kasuwa, na ce, "Kawu, don Allah zan ari sikelinka."

"Ɗauki mana, Uwata, ai gidanku ne," ya ce, ya ba babur wuta. Bai tambaye ni me zan yi da shi ba, ni kuma ban faɗa ba.

Na wanke shi da sabulu, na goge da maganin kashe ƙwayoyin cuta, na naɗe shi a zane na rungume kamar jariri. Kafin kowa ya iso na rataye shi a reshen mangwaron da ke tsakar asibitin, na tura tsohon bayan kwalaye. A raina ina cewa idan Sista ta gani za ta ce, wannan yarinya akwai hangen nesa.

Mata suka zo, kuma zuwa na gaske. Benci ya cika, aka shimfiɗa tabarmi, yara sun sha wanka da kwalli kamar ranar Sallah. Ana shirin farawa sai ga amalanke da mace mai naƙuda. Sista ta yi ɗakin haihuwa da gudu, tana sa safar hannu tana ce min, "Fara awo, ki rubuta a katin kowa. Rubutu kawai. Bayani nawa ne idan na fito."

Na fara. Wanda bai taɓa zura ɗan wata tara a wandon awo ba bai san dambe ba. Ƙafa ɗaya ta shiga, ɗayar ta tokare min haɓa, yaro yana lilo a ƙarƙashin mangwaro yana tsala ihu, uwarsa tana cewa, "Yi a hankali, 'yar makaranta, ba kayan miya ba ne." Amma na karanta allura da kyau, na sa ɗigo a kan katin. A katin akwai layin da ke nuna inda nauyin yaro mai lafiya ya kamata ya kai a watanninsa. Ɗigon ya faɗa ƙasa da layin.

Na ce to, Allah sarki. Na biyu ma ƙasa. Na uku ƙasa. Na sake duba sifili, tana nan. Na sake lissafa watanni da yatsu. Duk wanda na rataya sai ya faɗo ƙasan layi.

Nan zan faɗi gaskiya, don ita ce ta fi ba ni kunya yanzu. Ba tausayi ne ya fara kama ni ba, murna ce. Zuciyata ta riƙa bugawa kamar ranar da aka kafe sakamakon jarrabawa. Ni, ɗaliba, a makona na biyu, na gano abin da ya ɓuya wa kowa! Na hango motoci daga Kano jere a bakin asibitin. Na hango malaminmu yana ba 'yan baya labarina. Har na fara tsara yadda zan sunkuyar da kai in ce, "Ai ba komai, aikina na yi." Ban san lokacin da na hau kan benci ba. Ni fa, wadda ba ta iya sayen tumatir sai ta maimaita maganar a zuci.

"Iyayena, ku yi haƙuri ku saurare ni," na ce. "Abin da awo ya nuna ba mai daɗi ba ne. Tamowa ta shigo garin nan. Yunwa tana cin yaranku a ɓoye."

Matan suka kalli juna. Bayan kaka ne fa. Daga inda nake tsaye ina hango rumbuna cike da masara har baki.

Wata dattijuwa, Gwaggo Dije, ta miƙe da jikanta Sadiku a hannu. Sadiku yaro ne da wuyansa ya yi ninki-ninki, cinyarsa ɗaya ta kai damtsena. Shi ma na sa masa ɗigo a ƙasan layi.

"Ke 'yar nan, sauko ki kalle shi da kyau," ta ce. "Wannan ne yunwa ke ci? Ni da na goyo shi daga bakin rafi, har yanzu bayana bai miƙe ba?"

Da na yi shiru a nan, da an yi dariya an wuce. Amma littafi yana bakina. Na sauko na ce, "Gwaggo, ba kowace ƙiba ce ta lafiya ba. Wata kumburi ce." Na kama ƙafarsa na danna da babban yatsa yadda aka koya mana, in ga ko wurin zai lotsa. Bai lotsa ba. Sadiku ya ƙyalƙyale da dariya ya shure ni.

"Kumburi!" Gwaggo Dije ta fizge ƙafar. "A'uzubillahi! Tofar da yawun bakinki. Mun kawo yaro garau, kina neman ki ja masa da baki?"

Shi ke nan wuri ya rikice. Wata ƙaramar uwa ta fashe da kuka tana cewa me za ta faɗa wa uwar mijinta. Wata ta ce dama ita ba ta so zuwa ba. Na ga ana sunkuyawa, ana saɓa yara a baya, ana ɗaure zane, ana kaɗe tabarmi. Ranar da Sista ta yi watanni tana roƙo tana fita ta ƙofar asibiti a kan idona, ni kuma ina tsaye da biro ina cewa, "Ku tsaya mana, akwai magani."

A haka Sista ta fito tana cire safar hannu. Ta kalli ƙofa, ta kalle ni. "Ina za su?"

"Sista," na ce, (wallahi har lokacin da sauran alfahari a muryata) "duk suna ƙasan layi."

"Duk?"

"Duk."

Ta daka tsawa a dawo, waɗanda ba su yi nisa ba suka tsaya. Ta karɓi Sadiku, sai da ta yi nishi. Ta zaro ɗan tef ɗin nan mai kala uku da ake zagaya damtsen yaro da shi, ja da rawaya da kore. Ya faɗa can cikin kore, tef ɗin ma da ƙyar ya haɗu. Ta ɗaga kai ta kalli reshen mangwaro.

"Wannan ba sikelinmu ba ne. Ina namu?"

"Ya lalace, Sista. Allurarsa ba ta kan sifili."

"Ɗauko shi."

Na ɗauko. Ta kama wani ɗan maɓalli a samansa ta murɗa da yatsu biyu, allura ta koma kan sifili. Iyakar lalacewar ke nan. Sannan ta sa aka cika jarkar lita biyar da ruwa, ta ce wa mata wannan kilo biyar ne ko a ina. Ta rataya a tsohon, ya nuna biyar. Ta rataya a sabon, mai ƙyalli, wanda na wanke da sabulu. Allura ta tafi, ta wuce huɗu da kaɗan, ta tsaya kamar jakin da ya ga gada.

"A ina kika samo wannan?" Sista ta tambaya a hankali.

Kafin in buɗe baki, Gwaggo Dije ta riga ta matso tana leƙen ƙugiyar, inda aka ɗaura wata shuɗiyar igiya.

"Tsaya, tsaya. Ni fa na san sikelin nan," ta ce. Ta juya shi. Ta tafa hannu. "Jama'a, na Ila ne! Na Ila mai waken suya!"

Ban taɓa jin ƙara irin wadda ta tashi a ƙarƙashin mangwaron nan ba.

"Shekaranjiya da shi ya auna min!"

"Ni na ce buhuna ya fi haka, ya ce wai waken ne ya bushe!"

"Ashe ba yaranmu ne suka rame ba, wakenmu ne ke ramewa!"

Wata ta nuna ni ta ce, "To ita wannan 'yar wa ce da har ta samu sikelinsa?" Aka amsa mata daga baya, "'Yar yayarsa ce, a gidansa take kwana." Gwaggo Dije ta dafa kafaɗata tana dariya har da hawaye. "Allah ya yi miki albarka, 'yar nan. Gidan da kike cin tuwo kika fara yi wa awo."

Na so ƙasa ta tsage in shige. A safiya ɗaya na sanar da yunwar da babu ita, na kira lafiyayyen yaro mai kumburi, na kuma tona asirin kawuna a gaban duk matan da yake ciniki da su. Kuma duk da kyakkyawan rubutu.

Abin mamaki, hayaniyar ce ta dawo da waɗanda suka tafi. Labari ya riske su a hanya, suka juyo da yara a baya don kada a ba su labari. Sista ba ta yi min faɗa ba, abin da ta yi ya fi faɗa zafi. Ta ce in sake auna kowa da tsohon sikeli, in soke ɗigon farko, in ba kowace uwa haƙuri da bakina. Haka na yi ta yi. "Yi haƙuri, Inna, lafiyarsa ƙalau." "Ai na sani, likitar wake." Sunan ya bi ni har na bar ƙauyen. Sadiku ya haye saman layi, aka yi masa guɗa.

Ana cikin wannan raha aka zo kan Ummi, 'yar wata mata mai suna Hanne. Yarinya ce shiru-shiru, ko kuka ba ta yi ba da na zura ta a wando. Na karanta allura, na sake karantawa. A sikelin gaskiya ma tana ƙasan layi. Sista ta zagaya mata tef, ya tsaya a rawaya, dab da ja. Ta fara yi wa uwar bayani a hankali, sai Hanne ta ɗauke 'yarta.

"Ku da kuka ce Sadiku ma yunwa ke cinsa? Yanzu kuma kun dawo kan tawa? Haka jikinta yake, ubanta ma siriri ne."

A nan dariya ta ƙare min. Yarinya ɗaya da aka shirya ranar nan dominta, ni na sa uwarta ta daina yarda. Na bi ta har bakin ƙofa, na durƙusa a gaban jama'a. Na ce, "Yaya Hanne, ni na yi kuskure, ba Sista ba. Kada ki yarda da ni. Ki zo ki ga tef ɗin da idonki." Ta tsaya, ta juyo. Sista ta zo ta zagaya tef a hannun Sadiku, ta riƙe wurin da farce, ta mayar hannun Ummi. Tazarar ba ta buƙatar karatu.

Gwaggo Dije ta ce, "Hanne, bar batun sikeli. Ni ma ɗazu na zage su. Kalli hannun 'yarki."

Hanne ta daɗe tana kallo. Sannan ta ce, "Katin zai biya?" Sista ta ce zai biya, har da dawowar da za ta riƙa yi duk mako. Suka shiga ciki tare.

Washegari muna buɗe asibiti sai ga mata da ƙullin waken suya a ka, wai a auna musu a sikelin gwamnati kafin su kai wa kowa. Na zaci Sista za ta kore su. Sai ta ce, "Duk wadda ta zo da ɗanta da katinsa, in na gama da yaro zan rataya mata wake." Har na gama zamana a can, ranar awo ba ta sake yin fayau ba.

Darasin da na koya ba shi da tsawo. Duk sikelin da aka miƙo min yanzu, ko daga kwali aka ciro shi, sai na rataya masa jarka. Kuma idan abu ya shige min duhu ina buɗe baki in tambaya, don na gano kunyar tambaya ta minti ɗaya ce, ta hawa benci kuwa har yau ban gama jin ta ba.

Saura Kawu Ila. Labari ya tare shi tun kafin ya sauka daga babur. Mai unguwa ya kira shi, aka yi zama, ya fito yana cewa ƙarfen ciki ne ya ƙage, shi ma bai sani ba. Kwana da kwanaki idan na gaishe shi sai ya amsa wa bango. "Uwata" ta ɓace. Ni kuma abu ɗaya yana cina: ya sani ko bai sani ba?

Ranar da zan koma Bebeji, shi ya ɗauke ni a babur zuwa bakin titi. Muna tsaye muna jiran mota, na tattara sabon ƙarfin halina na ce, "Kawu, don Allah ka yafe min. Amma tsakaninka da Allah, ka san sikelin nan ba daidai yake ba?"

Ya kalli gabas, ya kalli yamma, ya ga babu kowa kusa. Ya gyara hularsa.

"Uwata, ke dai ki gode wa Allah na saye kika tarar a zaure," ya ce. "Na sayarwa na tafi da shi kasuwa ran nan. Da shi kika ɗauka, da har 'yar Hanne kin ce ta yi ƙiba."